Raddi ga Masu Cewa Lalaci Ne: Ƙararrawar Sassafe da Barcin Matasan Amurka

A watan Satumban 2018, Gwamna Jerry Brown na jihar Kalifoniya ya hau kujerar naƙi a kan wani ƙudiri mai lamba SB 328, wanda Sanata Anthony Portantino ya gabatar. Abin da ƙudirin ya nema ba shi da yawa: kada makarantun sakandare su kaɗa ƙararrawar shiga aji kafin ƙarfe 8:30 na safe. Brown ya ce doka ce guda da ake so a ɗora wa kowa ba tare da duba bambancin garuruwa ba, malamai da hukumomin makarantu ba sa goyon baya, kuma irin wannan shawara mutanen gari ya kamata su yanke. Bayan shekara ɗaya, a Oktoban 2019, magajinsa Gavin Newsom ya rattaba hannu a kan ƙudirin da aka ɗan sassauta: manyan sakandare 8:30, ƙanana 8:00, makarantun karkara an ɗauke musu. Dokar ta fara aiki a 2022.

Sa hannun Newsom bai kashe bakin masu adawa ba. Hujjojinsu na nan suna yawo a tarukan iyaye da zaurukan majalisa, kuma sun cancanci a bi su ɗaya bayan ɗaya, domin ba duka ne shirme ba.

Babbar da'awarsu, wadda ta fi shiga ran iyaye, ita ce lalaci ne kawai. Yaro ya kwanta da wuri, zai tashi da wuri; wanda ya raba dare yana hira, kada ya zo da safe yana hamma yana neman a canza masa agogo. Maganar tana da daɗin ji, amma ta ginu ne a kan zaton cewa barci abu ne da mutum ke kira ya zo, kuma jikin ɗan shekara 16 daidai yake da na ɗan shekara 9 ko na ɗan 45. Mary Carskadon ta Jami'ar Brown ta shafe shekaru tun farkon 1990 tana nuna cewa ba haka ba ne. Idan balaga ta kankama, sinadarin melatonin, wanda ƙwaƙwalwa ke saki don sanar da jiki dare ya yi, yakan jinkirta fitowa, sannan ya jinkirta janyewa da safe. Nauyin barcin da ke taruwa a jiki tun daga farkawa shi ma yakan taru a hankali fiye da yadda yake yi wa ƙaramin yaro. Sakamakon abu biyun nan shi ne yawancin matasa da wuya barci ya ɗauke su kafin ƙarfe 11 na dare, ko da an kashe fitila an ja ƙofa. Likitocin barci na Amurka sun ce mai shekara 13 zuwa 18 na bukatar awa 8 zuwa 10. Lissafin ba ya bukatar alƙalami: wanda ya yi barci 11, aka tashe shi 5:45 don ya tari bas, bai cika awa bakwai ba.

A binciken da Carskadon ta wallafa a 1998 an ga abin ƙiri-ƙiri. Ta bi wasu ɗalibai da suka bar makarantar da ke farawa 8:25 suka koma wadda ke farawa 7:20. Lokacin kwanciyarsu bai matso ba, barcin ne ya ragu. Da aka kai su ɗakin gwaji da safe, aka manna musu wayoyi a ka, aka ce su kwanta su rufe ido, cikin 'yan mintoci suka yi barci, kuma kusan rabinsu suka zarce kai tsaye cikin barcin mafarki. Likitoci sun saba ganin wannan alama ce ga masu ciwon da ke sa barci ya kwashe mutum ba shiri. Waɗannan kuwa lafiyarsu ƙalau. A wannan sa'a, da suna makaranta, malamin lissafi ne ke gaban allo yana yi musu bayani, alhali ƙwaƙwalwarsu na ganin dare bai ƙare ba.

Sai masu adawa su juya su ce ai wayar salula ce. Ba shakka hasken waya da hirar tsakar dare suna ƙara dagula lamarin, kuma uban da ya karɓe waya ƙarfe goma bai yi laifi ba. Amma garin Edina a jihar Minnesota ya mayar da ƙararrawarsa daga 7:20 zuwa 8:30 tun 1996, Minneapolis ta bi sahu a 1997, daga 7:15 zuwa 8:40, shekara goma cif kafin iPhone ta farko ta shigo kasuwa. Masana sun kuma ga irin wannan jinkirin agogon jiki lokacin balaga a birai da ɓeraye, waɗanda ba a san su da TikTok ba.

Hujja ta gaba ta fi wayo, don tana kama da sanin halin yara. Suka ce in aka ƙara musu awa ɗaya da safe, za su cinye ta ne da dare. An dai tura matsalar gaba, ba a warware ta ba. Wannan magana ce da ake iya aunawa, kuma an auna. A 2016 birnin Seattle ya mayar da farkon darasi a manyan sakandarensa daga 7:50 zuwa 8:45. Horacio de la Iglesia na Jami'ar Washington da abokan aikinsa ba su tsaya tambayar ɗalibai awa nawa suka yi barci ba, tunda matashi ba shaidar da za a dogara da ita ba ne a kan lokacin kwanciyarsa. Sun ɗaura wa ɗaliban makarantu biyu, Roosevelt da Franklin, wata na'ura mai kama da agogon hannu, wadda ke rubuta motsi da haske dare da rana, kafin canjin da kuma bayansa. Sakamakon da ya fito a Disamban 2018 ya nuna ƙarin minti 34 a kowane daren makaranta, daga awa 6 da minti 50 zuwa awa 7 da minti 24. Lokacin kwanciya bai wani motsa ba, na tashi ne ya matsa. Makin ɗaliban a darasin da aka bibiya ya ɗaga da kashi 4.5 cikin 100.

Wani zai ce ɗoki ne na shekarar farko. Rachel Widome ta Jami'ar Minnesota ta bi ɗaliban makarantu biyar har shekara biyu da irin wannan na'ura, ta kuma wallafa a 2020 cewa waɗanda aka jinkirta wa ƙararrawa sun ci gaba da samun ƙarin fiye da minti 40 a kan takwarorinsu. Wani abin lura kuma, barcin ramuwar da suke yi ranakun Asabar da Lahadi ya ragu, alamar bashin da suke tarawa a mako ya yi sauƙi.

Akwai kuma masu cewa makaranta horo ce, duniyar aiki ba ta jiran mai barci, gara su saba tun yanzu. Till Roenneberg na Jami'ar Munich a Jamus ya tattara bayanan dubban mutane ya nuna a 2004 cewa jinkirin agogon jiki yana kai ƙololuwa ne wajen shekara 19 da rabi ga mata, 21 ga maza, daga nan sai ya fara dawowa da kansa. Wato matashin da ake tsoron zai lalace, shekaru ne za su mayar da shi mai sammako, ba ƙararrawa ba. Ko Kwalejin Sojan Sama ta Amurka, inda ba a rasa horo, ta ba da shaida: masana tattalin arziki da suka duba makin ɗalibanta 'yan shekarar farko sun wallafa a 2011 cewa waɗanda darasin sassafe ya faɗo wa sun fi samun ƙarancin maki, ba a darasin farko kaɗai ba, har a sauran darussan yinin.

Mai karatu a Kano ko Zinder zai iya jin duk wannan a matsayin shagwaɓa, tunda ya tashi a gidan da ake tayar da yaro sallar asuba, ya wuce makarantar allo kafin ta boko. Sai dai a tuna rana a Kano tana fitowa tsakanin ƙarfe 6 da 7 saura duk shekara, kuma zafin azahar dalili ne na gaske da ke sa a so a tashi makaranta da wuri. A Seattle kuwa, cikin Disamba, rana ba ta ɓullowa sai kusan ƙarfe 8. Yaron da ƙararrawarsa take 7:50 cikin duhu ya farka, cikin duhu ya tsaya a bakin titi, kuma hasken safiya, wanda shi ne ke saita agogon jiki, bai taɓa idonsa ba har ya zauna a aji. Ba kuma al'adar ƙailula a can.

Masu adawa da suka fi karatu sukan ɗauko nazarin da cibiyar Cochrane ta fitar a 2017, wanda ya duba bincike 11 ya ce ingancin hujjojin ƙasa yake ƙwarai. Gaskiya ne ya faɗi haka, kuma bai kamata magoya bayan canjin su ɓoye ba. Da wuya a iya raba makarantu da ƙuri'a kamar yadda ake gwajin magani, kuma a kan makin jarrabawa sakamakon bincike ya sha bamban: wani ya ga ci gaba, wani bai ga komai ba. A Singafo, wata makarantar 'yan mata da ta koma 8:15 daga 7:30 ta ga ƙarin barcin ya tsaya wajen minti goma bayan wata tara. Wanda ya yi alkawarin cewa jinkirta ƙararrawa zai mayar da daƙiƙi haziƙi ya wuce gona da iri. Amma nazarin na Cochrane ya riga binciken Seattle da na Minnesota fitowa, kuma raunin hujja takobi ne mai kaifi biyu. Ina binciken da ya nuna 7:20 tana da amfani ga lafiyar matashi? Ba a taɓa neman tsohon lokacin ya kare kansa ba.

Sannan akwai batun rai. A Amurka ɗan shekara 16 na iya tuƙa mota zuwa makaranta. A gundumar Fayette ta jihar Kentucky, bayan an jinkirta farawa da awa ɗaya a 1998, haɗarin mota tsakanin matasan direbobi ya ragu da kashi 16.5 cikin 100, a lokacin da ya ƙaru da kashi 7.8 a sauran jihar. A Jackson Hole ta jihar Wyoming, inda aka koma 8:55 daga 7:35, mai bincike Kyla Wahlstrom ta samu raguwar kashi 70. Gari ne ƙarami, don haka adadin na iya yin tsalle, amma ya nufi inda na Kentucky ya nufa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, da ta ba da shawarar 8:30 a 2014, ta jera abin da ke rakiyar ƙarancin barci a matasa: ƙiba, ciwon damuwa, da haɗarin hanya.

Hujjar da ke da ƙashi a jikinta ita ce ta motoci da kuɗi, kuma abin mamaki ita aka fi ajiyewa a ƙarshe. Gundumomi da yawa bas ɗaya suke amfani da ita sawu biyu ko uku: a kwashi 'yan babbar sakandare da duku-duku, a dawo a ɗauki na tsakiya, sannan 'yan firamare. Daga nan 7:20 ta samo asali, daga jadawalin direba, ba daga wata hikimar tarbiyya ba. An bar jaki ana dukan taiki: tsarin sufuri ne ya yanke lokacin, matashi ake zagi da ragwanci. Duk da haka matsalar ta gaske ce. Uwar da ke shiga aiki ƙarfe 7 ba ta da mai kai mata yaro 8:30. Akwai babbar ya da ke dawowa da wuri don ta riƙe ƙannenta, da yaron da ke aikin yamma a kanti don taimakon gida, da wasannin da za su kai duhu. A Disamban 2017 birnin Boston ya yi yunƙurin canji, sai ya tura wasu makarantun firamare zuwa 7:15. Iyaye suka yi ca, hukumar ta janye cikin 'yan makonni. Iyayen nan ba su yi kuskure ba.

Abin da Boston ta nuna shi ne ana iya tsara abin da kyau, ana iya tsara shi da garaje. Gundumar Cherry Creek a Colorado ta juya sawun motocinta a 2017: manyan sakandare suka jinkirta da minti 70, firamare suka matso da awa ɗaya. Mai bincike Lisa Meltzer ta bi ɗalibai kusan 28,000 ta samu manyan sun ƙaru da wajen minti 45 na barci, ƙananan kuwa, waɗanda dama da wuri barci ke ɗaukar su, ba su yi wata asarar a zo a gani ba. Gundumar Fairfax a Virginia ta biya kusan dala miliyan 5 don canjinta na 2015. Kuɗi ne, amma cibiyar RAND ta ƙiyasta a 2017 cewa komawa 8:30 zai ƙara wa tattalin arzikin Amurka dala biliyan 83 cikin shekara goma, ta hanyar raguwar haɗurra da ƙaruwar masu kammala karatu. Ƙiyasi ne ba rasit ba, kuma aibinsa a bayyane yake: hukumar makaranta ce ke sayen bas yau, ribar kuwa wasu ne za su gan ta gobe.

Su wa tsohon lokacin ya fi cuta? A Seattle, raguwar makara da fashin darasin farko a Franklin aka gan ta, makarantar da ta fi yawan 'ya'yan talakawa. A Roosevelt ta masu hali ba a ga bambanci ba. Masu adawa na yawan magana da sunan iyaye marasa ƙarfi, amma 'ya'yansu ne ba su da mai sauke su a ƙofar makaranta in bas ta wuce.

Saura maganar Brown cewa a bar wa mutanen gari. An bar musu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana a 2015 cewa ƙasa da makarantar sakandare ɗaya cikin biyar ce ke farawa 8:30 ko bayan haka, kusan shekara ashirin bayan Edina. Gunduma ɗaya tana jin tsoron canzawa ita kaɗai, don jadawalin gasar wasanninta a ɗaure yake da na maƙwabta. Doka ta jiha ita ke kwance wannan ƙulli.

Jihar Fulorida ta gwada hanyoyin biyu a jere. A 2023 ta kafa doka irin ta Kalifoniya, ta ba gundumomi wa'adi zuwa 2026, a jihar da kusan rabin manyan sakandarenta ke farawa kafin 7:30. A 2025, kafin wa'adin ya cika, majalisar ta sassauta: gunduma na iya ci gaba da tsohon lokacinta muddin ta miƙa rahoton abin da canjin zai ci mata. Dalilan da gundumomin suka gabatar su ne ƙarancin direbobi, tsadar ƙarin motoci da rikicewar jadawalin iyaye. Ba su kawo wani sabon bincike da ya ce ɗaliban suna samun isasshen barci ba.