Paul Skenes: Matashin da ya kai babbar gasar besbol cikin wata 10, ya kuma rusa lissafin ƙungiyarsa

A ranar 11 ga Mayun 2024 Paul Skenes ya yi jifansa na farko a MLB, babbar gasar wasan besbol ta Amurka. Shekararsa 21 a lokacin, kuma wata 10 kacal ke nan da ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta zaɓe shi na ɗaya cikin matasan da aka ɗauka a 2023, ta ba shi dala miliyan 9.2 kuɗin sa hannu.

Bayan wata biyu, shi ya buɗe jifa a wasan taurarin gasar. A ƙarshen kakar ya zama gwarzon sabbin 'yan wasa na rukunin National League, sannan a 2025 ya lashe kyautar Cy Young ta gwarzon masu jifa.

Tsani mai hawa huɗu

A ƙwallon ƙafa ƙungiya ce ke hawa ko faɗowa daga rukuni. A besbol kuwa ɗan wasa ne ke hawa. Kowace daga cikin ƙungiyoyi 30 na MLB tana da ƙananan ƙungiyoyi a matakai huɗu, daga Single-A zuwa Triple-A, inda take rainon matasanta.

Yawanci akan shafe shekaru a kan wannan tsani, kuma mafi yawa ba sa kaiwa ƙarshensa. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, haifaffen Afirka na farko da ya buga MLB, ya yi fiye da shekara takwas a ƙananan ƙungiyoyin Pirates ɗin kafin a kira shi a 2017.

Tazarar kuɗi ma babba ce. Mafi ƙarancin albashi a Triple-A bai kai dala 40,000 a shekara ba a 2024, alhali a MLB dala 740,000 ne.

Skenes ya tsallake wannan jira ne saboda ya zo a nune. Ya ci kofin jami'o'i da Jami'ar Jihar Louisiana a 2023, kuma jifansa kan kai gudun kilomita 160 a sa'a. A wasa bakwai da ya yi a Indianapolis, matakin Triple-A, ya fitar da masu bugu 45.

Me ya sa aka jira har watan Mayu?

Ƙungiyar ta nuna cewa tana ƙara masa yawan jifa ne sannu a hankali domin kare hannunsa. Sai dai akwai wani lissafin na kuɗi.

A dokar gasar, kwana 172 a babbar ƙungiya ne ake ƙirgawa shekara guda, kuma sai ɗan wasa ya cika shekara shida kafin ya samu 'yancin komawa inda yake so. Idan aka jinkirta kiransa da 'yan makonni, ƙungiya ta ci ribar kaka guda. A 2015 Kris Bryant na Chicago Cubs ya kammala kakarsa ta farko da kwana 171, saura kwana ɗaya tak.

Irin wannan ne ya sa yarjejeniyar 2022 tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa ta tanadi cewa wanda ya zo na ɗaya ko na biyu a zaɓen gwarzon sabbin 'yan wasa za a ba shi cikakkiyar shekara, ko yaushe aka kira shi. Skenes ya zo na ɗaya, don haka zai samu 'yanci bayan kakar 2029 maimakon 2030.

Abin da ke gaban Pirates

Daga 2016 zuwa 2025 Pirates ba ta kai zagayen neman kofi ba, kuma tana cikin ƙungiyoyin da ba sa kashe kuɗi sosai kan albashi. Magoya bayanta ba su manta da Gerrit Cole ba, wanda ta zaɓa na ɗaya a 2011, ta miƙa shi ga Houston Astros a 2018, daga baya ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 324 da New York Yankees.

Yarjejeniyar 2022 za ta ƙare ranar 1 ga Disamban 2026. Yawan shekarun da ƙungiya za ta riƙe matashi, da abin da za ta biya shi kafin ya samu 'yanci, na cikin batutuwan da ɓangarorin biyu suka daɗe suna ja-in-ja a kai. Ita kuwa Pirates, ko dai ta tara wa Skenes abokan wasan da za su ci kofi, ko ta sake rainon gwani wata ƙungiyar ta ci moriyarsa.