Amaryata ta 1903 da Ashanar da Na Ba Ta

Wata uku ke nan ina fama da wani labari da daddare, bayan yara sun yi barci. Labarin wata amarya ne a Kano a 1903, shekarar da Turawa suka ci garin Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Na haddace shekaru da sunayen sarakuna, har na fara jin kaina.

Sai na karanta wa Hajiya, surukata, babi na farko. Ta yi shiru har na kai inda amaryar ta ƙyasta ashana, ta kuma ba yaro sule biyu ya sayo gishiri. Ta ce, "Ke 'yar nan, wace ashana? Kakata a maƙwabta take ɗebo wuta a kasko. Kuɗi kuwa wuri ne, a yi ta ƙirga har hannu ya gaji."

Kunya ta kama ni. Shekarun daidai suke, amma matar da na rubuta ni ce, zanen saƙi kawai na ɗaura mata.

Na koma na sake karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ashe ba wata shekara na riƙe daga littafin ba. Uwar nan na riƙe, wadda ta fita neman ɗanta, aka bautar da ita, ba su sadu ba sai a Tarabulus, ajali na gab da ita.

Yanzu duk Juma'a nakan kunna rikoda a waya in zauna gaban Hajiya. Kar ki ce wa tsohuwa "ba ni tarihi", cewa za ta yi ita me ta sani. Tambaye ta da me ake kaɗa miya, wa ke daka, ina ake ɗebo ruwa. Amma ki bincika, don tsufa na haɗa zamani da zamani: ta ce a jirgin ƙasa aka kawo kakar tata, alhali dogo bai iso Kano ba sai 1911.

Makon jiya ta faɗa mini abin da ban tambaya ba. Matar da ke yi wa gidan daka baiwa ce, kuma jikokinta suna nan unguwarmu, muna zumunci. Ta ce in rubuta, amma kar in kama suna. Na sauya sunan, na sauya unguwar, duk da haka babi na biyu ya ƙi tafiya.