Yabon Da Ke Kashe Hannun Mai Zane

Akwai kalmomi uku da suka fi rashin wutar lantarki da tsadar data yi wa matasa masu zane a waya illa: "ya yi kyau". Matashi a Gummi ko Anka zai raba dare yana zana jinjirin wata a fuskar wayarsa, ya dasa tauraro a tsakiyar ƙahonninsa, ya nuna wa abokai, kowa ya yaba. Ba za a sami mai gaya masa cewa tauraro ba ya bayyana a wurin ba, domin ɓangaren watan da ya yi duhu dutse ne da ke tare duk abin da ke bayansa. Haka zai shekara yana maimaita kuskuren, ana kiransa gwani.

Masu wannan yabo suna da hujja biyu: wai zane baiwa ce, wai kuma gyara yana karya gwiwar yaro. Duka biyun baƙi ne a tarbiyyar Bahaushe. Almajiri yana rubuta allo, malam ya duba, ya nuna masa wasalin da ya kauce, ya wanke ya sake. Ɗan koyo a maƙera yana ganin an mayar da fartanyarsa wuta. Ba a taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Me ya sa sai a zanen zamani gyara ya koma hassada?

Zanen sararin samaniya ya fi kowane zane buƙatar idon wani, domin mai yinsa yana zana wurin da bai taɓa takawa ba. Chesley Bonestell, Ba'amurken da zanensa na duniyar Zuhal ya fito a mujallar Life a 1944, masanin zanen gine-gine ne, da lissafin kusurwa da inuwa yake aiki. Ƙungiyar masu zanen falaki ta duniya, IAAA, wadda aka kafa a farkon shekarun 1980, ta riƙa kai mambobinta Hawai da Aisilan su zauna cikin duwatsu masu aman wuta, su yi zane tare, su duba aikin juna. A gida ma akwai misali. A 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar zane a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Muhawarar da suka riƙa yi a tsakaninsu, kan yadda za a haɗa dabarun Turai da gadon gida, ita ce ta sauya fuskar zane a Nijeriya.

Abin takaici shi ne mai zane a yammacin Zamfara yana zaune kan kayan aikin da wasu ke biyan kuɗin jirgi su nema. Tsatsar ƙarfe ce ta ja ƙasar duniyar Mars, ita ce kuma ta ja marmarar da yake takawa. Hazon hunturu, yadda yake dusashe rana, darasi ne kan haske a sararin da ƙura ta cika. A nan, digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, jinjirin wata yakan kwanta kamar ƙwarya, saɓanin tsayayyen da ake kwafowa daga hotunan Turai. Manoma sun san Kaza da 'Ya'yanta, sun san taurarin damina irin su Nasara da Ɗarfa da Jabha. Hatta Mars ɗin kanta ta taɓa aiko da saƙo: a Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, bincike ya tabbatar daga can ya fito. Duk da haka, ana barin wannan a koma kwaikwayon hotunan na'urar James Webb, ba tare da sanin cewa hasken da take ɗauka ido ba ya ganinsa ba, masana ne ke sanya masa launi.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun ƙara dagula lamarin. Suna fitar da hoto mai ƙyalli cikin daƙiƙa, amma wanda ya ba su umarni bai koyi inda inuwa ke faɗuwa ba, ba shi kuma da abin da zai gyara gobe.

Za a ce yankin da ke fama da 'yan bindiga, wanda gubar dalma ta kashe masa yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, ba shi da lokacin taurari. Wannan magana tana da nauyi, amma ƙarshenta shi ne a bar wa baƙi su ci gaba da zana hoton yankin, ramin zinariya da gawa kaɗai. Kuma gyara ba ya jiran zaman lafiya ko intanet. Ko lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumban 2021, sama tana nan. Krita ta zane da Stellarium mai nuna matsayin taurari kyauta ne, suna aiki ba data.

Abin da ake buƙata kaɗan ne: mutum huɗu ko biyar su riƙa haɗuwa duk mako, su zana abu ɗaya, kowa ya amsa tambaya uku. Daga ina haske ya fito? A ina mai kallo yake tsaye? Me za a cire? Mako na gaba a dawo da zanen an gyara. Malaman makaranta da ma'aikata masu yabon ƙannensu don kunya su sani cewa kunyar tasu ce ke cin hannun yaran. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.