Wa Zai Gwada Abin da Ake Auna Mana da Kwano?

Malam Edita,

Ina neman ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan abin da muke kaiwa bakinmu, mu mutanen Gwarzo da Kabo.

A watan Agusta na 2024 muka wayi gari da labarin da ya girgiza yankinmu. A ƙauyen Karkari da ke Ƙaramar Hukumar Gwarzo, uwa da 'ya'yanta biyar sun riga mu gidan gaskiya bayan sun ci ɗanwake. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta. Jaridu sun ruwaito cewa garin rogon da aka yi ɗanwaken da shi wa'adinsa ya ƙare. Tun daga ranar kalmar nan ta "wa'adi" ta tsaya mini a rai. Alabon da matanmu ke saye a buhu yake, bakinsa a buɗe, a auna da kwano a juye a baƙar leda. Babu tambari, babu kwanan wata, babu sunan wanda ya niƙa. A ina uwar gida za ta karanta wa'adin?

Ban raina ƙoƙarin hukuma ba. Tun 2010 NAFDAC ta kawo tsarin kankare lamba a jikin kwalin magani a tura ta saƙon waya, a ba ka amsa ko na gaske ne ko jabu. Yanzu kuma ga manhajar Greenbook da mutum zai duba rajistar magani a cikinta. Duk wannan ci gaba ne. Sai dai fasaha ce ta kayan da ke cikin kwali, ta mai babbar waya da data. Abincinmu kuwa, daga gero da wake har man gyaɗa da zoɓo, a kwano da kwalba da ƙullin leda yake yawo. Ko a cikin birni haka ne. A 2021, ma'aikatar lafiya ta jiha ta ce mutum 10 sun mutu, kimanin 400 sun kwanta asibiti bayan shan kayan sanyi da aka haɗa da gurɓataccen sinadari, wasu suna fitsarin jini. NAFDAC ta gano cewa guba ce aka sayar da sunan ɗan tsami. Ɗan tsami kuwa a ƙulle-ƙulle ake sayensa, babu lambar da za a kankare.

Ni manomi ne, kuma ina ɗan taɓa sayen hatsi. Bara na shiga ɗakin ajiyar wani abokin harka don in ɗauki wake buhu biyu. Ina tura ƙofa warin fiya-fiya ya doke ni, idona ya kawo ruwa. Na sa hannu na ɗebo: fari tas, ko ƙwaro ɗaya babu, irin wanda mai saye ke rububi. Na ce masa, "Alhaji, wannan ai da magani." Ya ce, "Malam, in ban sa ba, kafin bazara ya zama gari. A shanya shi kwana biyu, shi ke nan." Mutumin kirki ne, a sahun gaba yake sallah, kuma daga cikin buhunan nan ake dafa wa iyalinsa. Bai san cewa sinadarin da ke cikin fiya-fiya da Sniper shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya tun 2015 ba. Turawa suna da na'urar da ta gano shi a bakin iyakarsu. Waken da suka ƙi, mu ne muke cinye shi a ƙosai da alale, ba wanda ya gwada mana.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kayan gwajin ba su fi ƙarfinmu ba. Wani masani a ƙasar Ostareliya, Howard Bradbury, ya ƙirƙiro gwajin gubar rogo da ba ya buƙatar lantarki. A zuba ɗan gari a ƙaramar kwalba da ruwa kaɗan, a rataya wata takarda ruwan ɗorawa a ciki, a rufe ta kwana. Da safe a gwada launin takardar da jadawali. Gwargwadon yadda ta rine, gwargwadon gubar. Ƙa'idar duniya ita ce kada ta wuce miligiram 10 a kowane kilo na gari. Shi ne kuma ya nuna cewa in aka jiƙa garin aka baza shi ba kauri, ya yi awa biyu a rana ko biyar a inuwa, mafi yawan gubar za ta fice. An koya wa matan karkara wannan a Kwango. Me zai hana a koya wa namu? Haka gubar funfuna da ke kama gyaɗa da masara, wadda ke lalata hanta a hankali, ita ma tana da tsinken gwaji mai kama da na zazzaɓin cizon sauro da kowa ya saba gani a ɗakin shan magani.

Masu riƙe kayan kuma muna da su. Kowace ƙaramar hukuma tana da duba-gari, da yawansu sun fito daga Makarantar Koyon Tsafta ta Kano. Yau ido da hanci kaɗai suke aiki da su, alhali guba ba ta da fuska. A ba su akwatin gwaji da waya ran kasuwar Getso, su ɗauki samfuri, su ɗau hoton sakamako, su rubuta daga wane dillali buhun ya fito, ya tafi kai tsaye zuwa ma'aikata. In an ga matsala a Getso, kafin kasuwar Garo ta ci an san motar da ta kawo kayan, ko daga Dawanau ne ko daga wani wuri. Mun taɓa ganin irin wannan. Lokacin yaƙi da shan-inna an ba masu rigakafi wayoyin da ke nuna kowane lungu da suka taka, har zuwa rugagen Fulani, kuma a 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da nau'in cutar na daji. Dabarar da ta bi yaro har tsakar gida ba za ta kasa bin buhun alabo ba.

Sai kuma a samar da lambar waya ta kyauta, wadda za a kira a yi magana da Hausa, domin mafi yawan iyayenmu mata ba sa rubuta saƙo. In gida guda mutum uku suka kama amai bayan cin abinci ɗaya, mai unguwa ko ungozoma ta kira, a zo a ɗauki ragowar tukunyar kafin a zubar, a kuma sanar ta rediyo da lasifikar masallaci a daren. A yanzu sai an yi jana'iza labari yake isa Kano.

Ina da roƙo ɗaya ga masu wannan aiki: kada ya zama hanyar kame da karɓar na goro. Ranar da 'yan kasuwa suka ga akwatin gwaji ya zama tarko, ranar za su koma ciniki a bayan gari. A fara da sarkin kasuwa da shugabannin 'yan hatsi. Wanda aka samu da magani a wakensa karon farko, a nuna masa buhun PICS, mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar toshe iska ba tare da ɗigon magani ba, kuma a nan Kano ake yin sa. Wanda kayansa suka fita lafiya a ba shi shaida ya liƙa a rumfarsa, masu saye su gani.

Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, da Kwamishinan Lafiya, da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Jihar Kano, su gwada wannan a kasuwa ɗaya tak, daga kaka zuwa azumi, sannan su karanta mana sakamakon a rediyo. In an zo Garo, a fara da buhunan da ke ɗakina.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Garo,
Ƙaramar Hukumar Kabo, Jihar Kano.