A gwada kafin a hana yaro burodi

Wata shawara ta shigo gari a ƴan shekarun nan, daga WhatsApp da TikTok ta fito, kuma ta kai har ƙauyukan Agiye da Gazawa da Gidan Rumji. Shawarar ita ce: in yaro yana yawan zawo, ko cikinsa yana kumbura, ko ba ya ƙiba, to alkama ce, a raba shi da burodi da taliya da fanke, shi ke nan. Mai faɗin haka bai taɓa ganin yaron ba, bai auna shi ba, sau da yawa ma wani garin magani yake son sayarwa a ƙarshen bidiyon. Ni malamin makaranta ne, shekarata ashirin da ƴan kai da alli a hannu, kuma ina ganin wannan shawara ɓarna ce, ko da ta faɗa kan yaron da alkamar ke cutarwa da gaske.

Cutar tana nan, ba ƙirƙira ba ce. Sunanta siliyak, likitocinmu da Faransanci suna cewa maladie cœliaque. A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari, gulutin, shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo har a murza taliya da shi. Ga mai wannan cuta, da zarar gulutin ya shiga ciki, garkuwar jikinsa sai ta juya ta far wa ƙaramin hanjinsa, ta cinye ƴan tsirgunan da ke tsotse amfanin abinci. Yaro ya ci ya ƙoshi, abin ya wuce banza. Daga nan sai zawo, ƙarancin jini, rashin girma, kasala. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da hannun alkama a ciki: a yunwar 1944 zuwa 1945, da burodi ya ɓace, ya ga yaran da yake jinya suna samun sauƙi, da ya dawo sai suka koma gidan jiya. A duniya ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 ne ke da ita.

Masu cewa cutar Turawa ce su ma su ji. Binciken da likitan Italiya Carlo Catassi ya fitar a 1999 kan yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira na Tinduf, a Aljeriya, ya samu kashi 5.6 cikin 100 suna da ita, adadin da ya fi na Turai nesa. Maƙwabtanmu ne na arewa, kuma fulawa ta zama babban abincinsu. Mu ma nan burodi da shayi sun zama karin kumallon ɗan lakwal, makaroni ya shiga tukunyar kowace uwar gida.

To, in cutar gaskiya ce, me ya sa nake faɗa da masu cewa a daina alkama? Saboda gwajinta ba ya aiki sai mutum yana cin alkamar. Gwajin farko na jini ne, ana neman sojojin da jiki ke ƙerawa don yaƙar gulutin. In aka daina ci, sojojin nan sukan ragu har su ɓace, hanjin kuma ya fara warkewa. Sai ka kai yaro wurin likita bayan wata huɗu, a ɗebi jini, sakamako ya ce babu komai, alhali akwai. Duk malami ya san ɗalibin da ke goge allo kafin a duba lissafinsa: ba ka iya cewa ya ci, ba ka iya cewa ya faɗi. Kuma don a gyara ɓarnar, dole a mayar da yaron kan alkama kullum na tsawon makonni, sau da yawa shida ko fiye, a bar shi ya sake yin rashin lafiya da gangan kafin a gwada. Wace uwa ce za ta so haka?

Wani zai ce: in yaro ya ji sauƙi, ina ruwana da takarda? Ruwanka da yawa. Siliyak ba ta warkewa, hani ne na har abada, kuma ba ragewa ake yi ba, dainawa ake yi ƙaf. Biskit ɗaya a lokacin hutun safe, ko garin hatsin da aka niƙa a injin da ya gama niƙa alkama, na iya isa su taɓa hanji. Gidan da ba shi da tabbas ba zai jure wannan tsanani ba. Za a hana yau, gobe a biki a ba shi alkaki, jibi kaka ta tausaya ta tura masa fanke. Ga shi kuma cutar tana bin jini: cikin iyaye da ƴaƴa da ƴan'uwan ciki ɗaya na mai ita, kusan 1 cikin 10 yakan same ta. In ba a tabbatar da ta babban ba, wa zai tuna da ƙannensa?

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali daban ne. A wannan jiha tamu, yaron da ke zawo da rama, siliyak tana can ƙarshen jerin abubuwan da ake zargi. Kafin ita akwai tsutsar ciki, akwai ƙwayoyin cuta na ruwan sha, akwai zazzaɓin cizon sauro mai shanye jini duk damina, akwai sikila, akwai tarin fuka, akwai tamowa, wadda babu wanda ya rayu a Maraɗi a 2005 da zai manta da ita. Na taɓa koyar da wata yarinya da aka hana burodi kusan zangon karatu guda bisa shawarar wani mai bidiyo, tana ta gyangyaɗi a aji. Da aka kai ta likita daga baya, tsutsa ce da ƙarancin jini. Ƙwayoyin ƴan kwanaki suka tayar da ita. Watannin da ta yi tana kwana a kan tebur kuwa, babu mai mayar mata da su.

Maganar kuɗi da nisa gaskiya ce, ba na raina ta. Gwajin siliyak ba irin wanda ake yi a ƙaramin asibitin ƙauye ba ne, kuma mutumin Gangara ko Tibiri da ke lissafin tiyar hatsi ba zai tashi ya kama hanyar birni don zato kawai ba. Sai dai ba daga can ake farawa ba. Ana farawa daga asibitin da ke kusa: a auna nauyi da tsawo da dantse, a duba bayan gida, a duba zazzaɓi da yawan jini. Waɗannan su ne masu araha, kuma su ne suka fi kama ɓarawon. Tun 2006 dokar ƙasa ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Kowa ya san yadda take tangal-tangal a aikace, amma haƙƙi ne, a nema. In an bi duk wannan yaro bai tashi ba, sai a nemi takardar turawa zuwa asibitin gunduma, daga nan Maraɗi, a ambaci sunan cutar da baki, a tambayi inda ake gwajin. Har zuwa ranar, ya ci gaba da cin abin da ya saba. In ma gwajin ya gagara, likita ne zai yanke shawarar a gwada janye alkama, yana rubuta nauyin yaron wata-wata.

Abin dariya a nan shi ne masu tallan garin waje mai tsada da sunan “marar gulutin”. Hatsi ba shi da gulutin. Dawa, masara, shinkafa, wake, rogo, gyaɗa, duk babu. Tuwo da fura da kunu da ƙosai da kakanninmu suka rayu a kansu su ne abincin da Bature mai siliyak ke biya da tsada. Yaron da aka tabbatar yana da ita a ƙasarmu ba zai rasa abin ci ba.

Abokan aikina malamai, mu ne ke ganin yaran nan kwana biyar a mako, mu ke fara lura da wanda ke yawan neman izinin fita, da wanda ƴan ajinsa suka tsere masa a tsawo. Idan uba ya zo ya ce, “Malam, an ce in hana shi alkama,” kada mu ce e, kada mu ce a'a. Mu tambaye shi wa ya ce, kuma yaushe aka auna yaron na ƙarshe. In ya yi shiru, mu rubuta masa a takarda abin da muka gani a aji, da ranakun da yaron ya yi fashi, ya riƙe ta a hannu ya kai wa ma'aikacin lafiya.