Murar tsuntsaye: A kashe kaji ko a yi musu rigakafi?

Tun lokacin da Faransa ta fara yi wa agwaginta allurar rigakafin murar tsuntsaye a watan Oktoban 2023, tsohuwar muhawarar nan ta sake tasowa: shin a ci gaba da kashe duk kajin gonar da cutar ta ɓulla, ko kuwa a kare su tun kafin ta iso?

Faransa ce ƙasar Tarayyar Turai ta farko da ta ɗauki wannan mataki a duk faɗin ƙasa, inda ta wajabta allurar a kan kowace gona mai agwagi fiye da 250.

A Amurka kuwa, inda aka tsaya kan kashewa, an yi asarar kaji da sauran tsuntsayen gona fiye da miliyan 160 daga 2022 zuwa farkon 2025, abin da ya sa farashin ƙwai ya kai inda bai taɓa kaiwa ba.

Wannan muhawara ta shafi Najeriya kai tsaye.

A watan Fabrairun 2006 ne aka tabbatar da ɓullar nau'in H5N1 a wata babbar gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, karon farko a nahiyar Afirka. Kafin watan ya ƙare, an same ta a Magariya ta Jamhuriyar Nijar. A farkon 2007 kuma ta kashe wata matashiya a Legas.

Matakin da gwamnatin Najeriya ta ɗauka a lokacin shi ne killace gonaki, da kashe kaji, da biyan diyyar naira 250 kan kowace kaza, ba tare da amincewa da rigakafi ba. Wannan hanya aka sake bi lokacin da cutar ta dawo a 2015 da kuma 2021.

Yadda ake haɗa rigakafin

Murar tsuntsaye, kamar cutar Newcastle da Gumboro, ƙwayar bairos ce ke haddasa ta. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da masu kiwo ke zubawa a ruwan kaji ba sa yi mata komai.

Tsohuwar hanyar haɗa rigakafi ita ce a shuka ƙwayar cutar cikin ƙwan kaza mai ɗan tsako na kimanin kwana 10, a bar ta ta hayayyafa, sannan a kashe ta da sinadari a gauraya da mai. Irin wannan sai an kama kowace kaza an yi mata allura.

Sabuwar hanyar kuwa ita ce a ɗauko wani ɗan yanki na ƙwayar murar, a dasa shi cikin wata ƙwayar da ake samu a jikin talotalo wadda ba ta cutar da kaji. Ana yi wa ɗan tsako wannan allura tun ranar da aka ƙyanƙyashe shi.

Sai dai ƙwayar murar tsuntsaye ba ta tsayawa a kama ɗaya. Rigakafin da ya yi aiki bana yana iya yin rauni bayan 'yan shekaru. Wannan ne ya sa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Harbin a China ta sha sabunta irin da take amfani da shi.

Darasin China da na Masar

Masu goyon bayan rigakafi sukan kafa hujja da China.

Daga ƙarshen 2016 zuwa 2017, nau'in H7N9 ya kama mutane fiye da 700 a ƙasar. A watan Satumban 2017 aka fara yi wa kaji rigakafinsa, kuma a zagayen da ya biyo baya mutum 3 kacal aka samu da cutar.

Masu adawa kuwa sukan nuna Masar, wadda ta fara rigakafi tun 2006, amma cutar ta samu gindin zama a cikinta, har ta zama ƙasar da ta fi kowace yawan mutanen da aka tabbatar H5N1 ya kama.

Masana sun danganta hakan da abubuwa da dama: amfani da alluran da ba su dace da nau'in da ke yawo ba, da rashin isa ga yawancin kajin gida, da kuma raunin bin diddigi.

Babban abin tsoro shi ne kazar da aka yi wa rigakafi na iya ɗaukar cutar ba tare da ta nuna alama ba, ta kuma yaɗa ta a kasuwa. Idan kaji suka daina mutuwa, alamar da ke ankarar da hukuma ta tafi ke nan.

Saboda haka ne Hukumar Kula da Lafiyar Dabbobi ta Duniya, da ta amince a 2023 cewa rigakafi na iya zama ɗaya daga cikin hanyoyin yaƙi da cutar, ta haɗa shi da sharaɗin gwada kaji a kai a kai.

Wannan sharaɗi yana cin kuɗi. Shekarar farko ta shirin Faransa ta lashe kimanin euro miliyan 100, gwamnati ta biya kashi 85 cikin 100. Duk da haka, Amurka da Japan sun taƙaita shigo da kayan kaji daga Faransa da aka fara shirin.

Najeriya ba ta dogara da fitar da kaji waje ba, don haka barazanar rufe kasuwa ba ta dame ta sosai ba. Matsalarta ita ce ta kuɗin gwaji, da yawan likitocin dabbobi, da kasuwannin kaji masu rai inda kazar gona, da zabo, da agwagwa, da tantabara ke kwana wuri guda.

Tsarin kashewa ma yana da nasa rauni. Idan diyya ta yi kaɗan ko ta makara, mai gona yakan gwammace ya yi shiru ya kai sauran kajinsa kasuwa. Wasu kuma sukan nemi allurar da aka shigo da ita ta bayan fage, wadda babu mai tabbacin abin da ke cikinta.

Cutar da ta fi cin kajin karkara

Yayin da ake wannan muhawara, cutar da ta fi yi wa matan karkara ɓarna ba murar tsuntsaye ba ce. Cutar Newcastle ce, wadda ta samo suna daga wani birni na Ingila inda aka gano ta a 1926.

Takan tsananta da hunturu, kuma tana iya share kajin gida kakaf cikin 'yan kwanaki. A gidajen da kaza ce asusun kuɗin magani, da na makaranta, da abin yanka wa baƙo, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Ƙiyasin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna akwai kaji kimanin miliyan 180 a Najeriya, kusan miliyan 80 daga ciki masu kiwon sake ne.

Ita wannan cuta babu jayayya a kan rigakafinta. An daɗe da samar da shi, kuma manyan gonaki na amfani da shi. Abin da ya hana shi isa ƙauye shi ne yana lalacewa idan babu firji, kuma yakan zo a kwalbar kaji 500 ko 1,000, alhali mace na da kaji 10 ko 15.

Don warware wannan ne masana a Jami'ar Queensland ta Ostireliya suka samar da nau'in I-2 mai jure zafi, aka kuma ba ƙasashe masu tasowa irinsa kyauta. Ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido, a maimaita bayan wata 3 zuwa 4.

Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu haɗa shi.

A Mozambik da Tanzaniya, an horar da mutanen ƙauye, da yawansu mata, suna bi gida gida suna ɗiga wa kaji a kan kuɗi kaɗan. A yankuna da dama na arewacin Najeriya kuwa, har yanzu barkono, da toka, da kafso na mutane ake ba kaza idan ta fara gyangyaɗi.

Inda gizo ke saƙa

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, amma abin da ya faru a China da Masar ya nuna samun allurar ba shi ne ƙarshen aiki ba. Sai ta dace da cutar da ke yawo, ta isa ga kaza da ƙarfinta, a kuma ci gaba da gwaji bayan an yi ta.

Akwai kuma alaƙa tsakanin cututtukan biyu. Alamomin Newcastle da na murar tsuntsaye sun yi kama sosai, sai a ɗakin gwaje-gwaje ake bambanta su. A ƙauyen da aka saba kaji su mutu duk hunturu, babu wanda zai kai rahoto idan murar tsuntsaye ce ta shigo. A inda aka kare kaji daga Newcastle kuwa, mutuwarsu farat ɗaya za ta ja hankali.

Don haka, kafin a yanke shawara kan rigakafin murar tsuntsaye, akwai ma'aunin da hukumomi za su iya gwada kansu da shi: kai rigakafin Newcastle, wanda ake haɗawa a cikin gida, zuwa akurkin ƙauye sau 3 a shekara, kafin hunturu ya kama.