Fansar Kamamme: Bawa da Ɗan Shaye-shaye a Koyarwar Yahudawa



A karance-karancena na kwanan nan na ci karo da wani hukunci da Yahudawa ke kira fidyon shabuyim, wato fansar kamammu. Kalmar farko tushenta ɗaya da fidiya ta Larabci da muka sani. Da na bi diddiginsa, sai na ga yadda wasu malamansu na wannan zamani suka faɗaɗa shi har ya haɗa da wanda ƙwaya ko giya ta kama. Na gamsu da su: ɗan shaye-shaye kamamme ne, kuma fitar da shi nauyi ne a wuyan jama'arsa. Ga dalilaina.

Musa bin Maimun, malamin Yahudawa kuma likita, wanda aka haifa a Kurɗuba ta Andalus ya rasu a Masar a 1204, ya sanya fansar kamamme a gaba da ciyar da matalauci da tufatar da shi. Hujjar tana cikin Talmud, babban kundin fiƙihunsu: wanda ke hannun wani yana fuskantar yunwa da kisa duk a lokaci guda. Shi kansa malamin bai tsaya a rubutu ba. Bayan mayaƙan Salibiyya sun auka wa garin Bilbes na Masar a 1168 sun kwashe mutane, ya shiga aikin tara kuɗin fansa, kuma an samu takardun da suka shafi wannan aiki a ɗakin ajiyar tsofaffin takardu na wata majami'a da ke tsohuwar Alƙahira. Takardun wannan ɗaki sun nuna cewa farashin da aka saba biya a lokacin dinari 100 ne a kan mutum uku. Garuruwa kan yi karo-karo su fanshi baƙon da ba su taɓa gani ba.

Me ya sa suka ɗauki abin da zafi haka? Saboda tarihinsu ya fara ne da bauta a hannun Fir'auna. Duk shekara a Idin Ƙetarewa iyali kan zauna cin abincin dare, a ci gurasa marar yisti da ganye mai ɗaci, a maimaita labarin fitowa daga Masar, kuma ana buƙatar kowa ya ɗauki kansa kamar shi ne aka fitar. Wanda ya tuna ɗacin mari a ƙafarsa ba zai ga na wani ya wuce ba.

Wannan dare ne Rabbi Abraham Twerski, malami kuma likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, ya riƙa haɗawa da halin majinyatansa. A 1972 ya kafa cibiyar Gateway kusa da birnin Pittsburgh don masu fama da shaye-shaye, ya shafe shekaru yana nuna cewa abin da mutum ke sha kan zame masa Fir'auna. A Los Angeles ma an buɗe wani gida mai suna Beit T'Shuvah, wato gidan tuba, a 1987, inda ake haɗa jinya da karatun Attaura.

Kamancen ba na ƙawata zance ba ne. Attaura ta yi maganar bawan da lokacin sakinsa ya yi amma ya ce yana son ubangidansa, ba zai tafi ba, sai a kai shi bakin ƙofa a huda masa kunne da basilla. Ta kuma ba da labarin Bani Isra'ila a hamada suna kukan kifi da albasa da tafarnuwar Masar, sun manta da bulala. Duk wanda ya taɓa zama da mai ƙoƙarin barin ƙwaya ya san wannan kuka. An fito, amma zuciya tana can.

Na san wani zai ce, ai kamamme da ƙarfi aka ɗauke shi, shi kuwa ɗan ƙwaya da hannunsa ya kai ta baki. Gaskiya ne. Sai dai bawa Ba'ibrane da Attaura ta ce a sake shi a shekara ta bakwai, sau da yawa ɓarawo ne da aka sayar don ya kasa biyan abin da ya sata, ko talakan da ya sayar da kansa. Da sa hannunsa a cikin abin da ya same shi, duk da haka an yanka wa bautarsa wa'adi. Malaman fiƙihunsu ma sun tattauna batun wanda ke sayar da kansa ana fansarsa yana komawa. Suka ce a fanshe shi karo na farko da na biyu, na uku ba dole, amma in ransa na cikin haɗari a fanshe shi ko sau nawa ne. Dole in faɗa cewa dokar shekara bakwai ba ta haɗa da bawan da ba Ba'ibrane ba, kuma wannan giɓi ne babba. Amma darasin da ke ciki bai faɗi ba: laifin mutum ba ya sauke wa jama'a nauyin cetonsa.

Koyarwar ta kuma yi wa tausayi linzami. Mishna ta hana a biya fiye da ƙimar kamamme, don kada masu kamen su ga kasuwa ta buɗe. An kama Rabbi Meir na Rothenburg, babban malamin Yahudawan Jamus, a 1286, kuma ruwayar da ta shahara ita ce ya hana a biya maƙudan kuɗin da aka nema. Ya rasu a tsare a 1293, sai a 1307 aka karɓo gawarsa. A fahimtata, uwar da ke ba ɗanta kuɗi kullum don a zauna lafiya, tana sane da inda za su tafi, dillalin ƙwaya take biya, ɗan nata kuma yana nan a hannu.

Akwai wani labari a Talmud da ya fi tsaya mini a rai. Rabbi Yohanan ya je duba wani almajirinsa marar lafiya, ya kama hannunsa ya tashe shi. Da shi ma ya kwanta, sai da Rabbi Hanina ya zo ya kama nasa hannun. Aka tambaya me ya hana shi tayar da kansa, sai aka amsa da misalin fursuna, wanda makullin ɗakinsa ke hannun na waje. Idan haka ne, cewa ɗan shaye-shaye "ka daina mana" daidai yake da tsayawa a bakin rijiya kana yi wa wanda ya faɗa nasiha, alhali guga na hannunka.

A nan ne abin ya taɓo mu. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutane sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa, kuma akwai waɗanda iyayensu ne suka kai su saboda shaye-shaye. Ba na zargin iyayen da mugunta, sun rasa tudun dafawa ne. Amma wanda ake son fitarwa daga bauta, in aka ƙara masa sarƙa, ubangida kawai aka sauya masa.

Attaura ta ce idan aka saki bawa kada a sallame shi hannu rabbana, a ba shi daga garke da hatsi, don wanda ya fita ba ko anini gobe zai dawo ƙofar da ya baro. Wanda ya bar ƙwaya ma yana buƙatar sana'a, da wurin zama a cikin mutane, da a daina kiransa da tsohon suna. In akwai irinsa a gidanku ko a layinku, ku tambayi kanku wa zai kama hannunsa, kuma me za a sa masa a ciki ranar da ya fito.

Ina jiran gyaranku da ra'ayoyinku. Allah Ya kwance wa duk wani ɗaurarre.